Askar Baba Bawa a Tsibirin Fanya

Tafiyar nan ta ba ni wuya, kuma ba ni ƙara irinta. Wata uku da kwanaki na yi ban ci tuwon gero ba sai sau biyu. Ƙafafuna sun kumbura, takalmana suna cikin teku, na dawo da tarin da har yau bai sake ni ba. Tun ran da munka sauka Sabon Birni mutane ba su bar ni na huta ba. In na zauna bakin kasuwa a ce in ba da labari, in na fito masallaci a ce in ba da labari, wanda na gaya wa jiya ya dawo yau da ƙanensa. Har da masu son jin mi ya sa na kewaye ganye huɗu da ƙaya a fadama, ina yi masu ban-ruwa safe da maraice. Na gaji da maimaitawa. Tun da na zauna ajin yaƙi da jahilci na iya haɗa baƙaƙe, ga shi na rubuta sau ɗaya. Wanda ya iya ya karanta wa wanda bai iya ba, ni a ƙyale ni.

Mafarin abin surukina ne, Baba Bawa na Turba, uban matata Ige. Yana saurayi ya bi sojan Jamus Kamaru yana yi masu dako. Da anka kore su sai anka ƙetara da su wani tsibiri cikin teku da ake ce wa Fanya, ƙasar waɗansu Turawa ne daban, ba Ingilishi ba, ba Faransi ba. Can ya zauna yana aikin gonar koko, ya auri 'yar mutanen dutse, sunka haifi biyu, Ige da wani namiji. Ya dawo Turba da Ige kaɗai tana 'yar shekara huɗu, bai taɓa gaya wa kowa dalili ba. Haka ta tashi ba uwa ba ɗan'uwa. Duk ran da faɗan mata ya haɗa ta da wata, abin da ake fara jifanta da shi ke nan, wai a ruwa anka tsamo ta.

Daminar bara ciwo ya kwantar da shi, ya aika munka je. Nan ya buɗe baki. Ya ce mutanen can ɗa na dangin uwa ne, ba na uba ba, shi kuwa bai yarda ba. Ran da yaron ya kwana bakwai, ba wanzami ko ɗaya a dutsen, sai ya ɗauke shi ya zaga bayan ɗaki da askarsa don ya yi mashi zanenmu na Gobir, bakwai a kunci ɗaya, shida a ɗayan. Ya gama bakwai na kunci ɗaya ke nan uwar ta ji kuka, ta zo ta fizge ɗanta. 'Yan'uwanta sunka fito da adduna. Shi kuma cikin fushi ya saɓa Ige a kafaɗa ya gangara, bai sake waiwayen dutsen ba. Da ya gama ba mu labarin ya ce wa Ige ta tafi can, in uwarta na da rai ta roƙa mashi gafara.

Daga nan ya aike ta ɗebo ruwa. Tana fita ya sa hannu ƙarƙashin tabarma ya fiddo aska mai ƙota naɗe da jar fata, ya danƙa mani.

“Ka cika mashi shidan nan da sunka rage. Ɗana ba shi mutuwa da rabin fuska.”

Na ce to. Ba a musu da mai shirin barin duniya. Ban gaya wa Ige ba don na ɗauka maganar maza ce. Bayan an yi sadakar arba'in na je wurin wani wanzami a Isa, ya koya mani a jikin ɗanyen duma. Na ɓata duma da yawa kafin ya ce hannuna ya faɗa.

Da anka gama kaka munka tashi. Na bar wa ƙanena gida da awaki. Guzurinmu garin gero buhu guda, ƙuli-ƙuli, daddawa da kilishi, askar kuwa na tura ta can tsakiyar garin. Jakai sunka kai mu Shinkafi ran kasuwa, daga nan motar gyaɗa ta kai mu Kaura, muna zaune bisa buhuna kamar kaji. Ni na saba da Kaura don nan nake kai fatun awaki da rani, amma Ige ba ta taɓa ganin jirgin ƙasa ba. Da ya yi kuka ta riƙe mani riga gaban mutane, abin da ba ta taɓa yi ba tun aurenmu. Kafin mu kai Gusau ta saki, har tana leƙa taga tana gaya mani dawar mutanen nan ba ta kai tamu ba.

A Zariya munka sake jirgi, nan Allah ya haɗa mu da Iya Mulika. Bayarabiya ce mai ƙiba, 'yar kasuwar atamfa, ta daɗe a Gusau, Hausa a bakinta kamar ta gada. Tana shigowa ta dubi fuskata ta ajiye ƙunshinta bisa cinyata.

“Alhamdu lillahi, na sami bawana. Bagobiri, riƙe wa uwargijiyarka kaya.”

Kun san wasan da ke tsakaninmu da su. Na ce mata tun da nike ban taɓa ganin baiwa ta yi ƙiba haka ba, lalle gidan ubangijinta akwai hatsi. Ta yi dariya har da hawaye, ta ɓare goro ta ba Ige babban ɓarin, ni ta ba ni ƙaramin. Da ta ji inda za mu, ta daina dariya. Ashe Fanya take kai atamfarta sau biyu a shekara. Ta tambaye ni takardunmu, na nuna mata takardar haraji. Ta tambaye ni wane yare za ni yi da su can, na ce Hausa, ai ba inda ba a jin Hausa. Ta dubi Ige ta ce, 'yar'uwa, da wanga kika taso ƙetare teku?

Kwana biyu muna cikin jirgin nan. Bayan Kafancan ƙasa ta fara sakewa. Gero ya ɓace, rumbu ya ɓace, sai doya da itacen kwakwa. Munka ƙetare wata gada a Makurɗi, ruwan da ke ƙarƙashinta in an zuba Gulbin Rima ciki ba a sanin an ƙara komi. Abin da ya fi ba ni mamaki mata ne ke kasuwa, su ke ciniki, su ke faɗa da 'yan dako, mazan na tsaye da zane a ƙugu. Na faɗa wa Iya haka, ta ce shi ya sa garuruwansu ke da rufin kwano.

Munka sauka Aba, mota ta kai mu bakin ruwa, wani jirgin fito ya kai mu Kalaba. Can munka sauka zangon Hausawa, gidan wani Bakano mai kirki, sai dai kuɗin cizon ɗakinsa sun fi shi son baƙi. Abinci garin rogo ne da ake tuƙawa da ruwan zafi, miya kuwa manja tsundum, da katantanwa a ciki. Ranar farko na ce ba ni ci. Rana ta biyu na ci, ina tsame katantanwar ina ajiyewa gefe. Ige kuwa ta sa hannu ta ci kamar a kansa ta girma, ta ce ƙamshin manjan yana tuna mata wani abu, ba ta san ko mi ne ba.

Wahalar takarda a Kalaba take. Mutanen da ke ƙetarawa duk 'yan ƙodago ne, an ɗauke su aikin gonar koko, kowa da sunan gonar da za shi. Akawun ya tambaye ni tawa gonar. Na ce ba ni da gona, gaisuwar suruka za ni. Ya ajiye alƙalami ya kira abokinsa ya zo ya ji. Kwana uku muna zarya. A ƙarshe Iya ta shiga ta yi magana da su da irin Turancin nan na kasuwa, ta fito da takarda biyu. An rubuta mu masu yi mata dakon kaya.

“Na gaya maka tun Zariya, ka yi musu. To yanzu ga shi Bature ya buga hatimi, bawana ne kai.”

Anka yi mana lambar rigakafi a dantse, anka ɗauke mu hoto, munka shiga jirgin ruwa. Ni da nike ƙetare Rima da gora tana cike da damina, na ɗauka ruwa duk ruwa ne. Tun gari bai ɓace mana ba cikina ya juya. Na yi amai har na ga kore. In na tsaya salla alƙibla na gabana, kafin in yi ruku'u ta koma bayana. Ige ko gezau, tana zaune tana cin ƙuli-ƙuli, tana yi mani sannu irin wadda ta fi zagi ciwo.

Da hantsi tsibirin ya bayyana, dutse ne guda baƙi-kore, kansa cikin girgije. A bakin gaɓa 'yan sandansu sunka zazzage kayan kowa. Ɗaya ya tura sanda cikin garin geronmu, ya ji ƙarfe, ya sa hannu ya zaro askar. Ya ɗaga ta sama yana magana. Na shafa kaina na nuna mashi ta aski ce, ya jefo mani. Shi ya wuce, amma Ige ta gani.

“Wagga ai askar Baba ce. Mi take yi cikin gari?”

Na ce ya ba ni ne don tunawa, na ɓoye ta saboda ɓarayi. Ta dube ni, ta dubi askar. Ƙarya ta farko ke nan da na yi mata mai nauyi, kuma ban ji daɗinta ba.

A birnin nasu akwai Hausawa, yawanci mahauta da masu tsire. Na riƙa bi ina tambaya ko an san wani mai zanen Gobir kunci ɗaya. Wani tsohon mahauci ya ce ya san shi sarai. Fedro ake ce mashi, yana kiwon shanun wani Bature can ƙwanƙolin dutsen kudu, yakan kawo sa sau ɗaya a shekara. Ya ce mutumin ba shi amsa sallama, in Bahaushe ya ƙura mashi ido sai ya juya ɗaya kuncin. Ige na jin haka ta zauna ƙasa nan gaban teburin nama.

Iya ta ce za ta raka mu, wai tana da masu saye can sama. Ni na san ba don atamfa ba ne. Mota ta kai mu wani ɗan gari bakin teku a kudu, nan anka ce ruwa ya cinye hanyar dutse, sai a jira ƙasa ta sha. Kwana huɗu munka yi nan, kuma in gaskiya za ni faɗa su ne kwanakin hutu kaɗai da na taɓa yi a rayuwata. Ba gona, ba awaki, ba mai sallama. Rairayi ne fari shimfiɗe kamar na gulbi da rani, ga itacen kwakwa har bakin ruwa. Ran Lahadi Turawa sunka zo da matansu sunka tuɓe sunka kwanta cikin rana da gangan, mu da muke gudunta. Na ɗanɗana ruwan, gishiri ne zalla. Na tuna yadda Buzaye ke wahalar kawo mana shi bisa raƙuma, ga shi nan Allah ya zubar ba mai kwasa.

Ige ta zama yarinya. Ta ɗage zane zuwa gwiwa tana shiga, in igiyar ruwa ta taso ta ruga da gudu tana dariya. Shekara ashirin muna tare ban san tana da irin dariyar nan ba. Ta ce in shigo, na ce ni ba yaro ba ne. Rana ta uku na shiga. Na tuɓe takalmana na fata, sababbi, ɗinkin Isa, na ajiye su taku goma daga bakin ruwa, yadda kowane mai hankali ke yi a gulbi. Ba wanda ya gaya mani ruwan can yana tafiya yana dawowa sau biyu a yini. Ko da na waiwaya, wurin da na ajiye su ruwa ne har ƙugu. Iya ta ce teku ta karɓi harajinta. Ta ba ni waɗansu tsofaffin takalmanta na roba, da su na hau dutse, diddigena a waje.

Hawan nan yini guda ne cur. Mu mutanen Gobir ba mu san hawa ba, tudun da ya fi tsawo a wurinmu jaki na hawansa bai sani ba. Can kuwa hanya ce siririya cikin kurmi, taɓo har idon sawu, sama ba a ganin rana. Na faɗi sau uku. Na zauna hutawa bisa wani kututture, kwarkwasa ta shiga mani wando, abin da na yi a wurin ba na rubutawa ba ne. Iya na baya tana haki tana zagin Gobir da wanda ya kafa ta. Ige na gaba, ba ta zauna ba ko sau ɗaya.

Da la'asar kurmi ya ƙare, munka fito wani fili mai ciyawa, da sanyi kamar tsakiyar hunturu, hazo na yawo a ƙasa. Ɗakunansu na katako ne. Tsofaffinsu na da nasu zanen, a gicciye bisa goshi da kumatu, amma ba na yara, an ce limaman cocinsu sun hana tuntuni. Shanun kuwa manya ne, ba tozo, ban ga abin sha'awa a jikinsu ba.

A bakin garken Ige ta ga Fedro. Dogo ne, kafaɗun Baba Bawa sak. Yana hango fuskokinmu ya juya mana kuncin da ba zane. Ige ta zaga ta ɗaya gefen, ta yaye mayafinta, ta tsaya gabansa ta nuna mashi nata kuncin. Bakwai nata, bakwai nashi. Iya ta fara bayani, bai bari ta gama ba, ya ajiye sandarsa ya wuce gaba, munka bi shi.

Tsohuwar, uwarsu, na zaune ƙofar ɗaki, 'yar ƙarama, tana feren gwaza da wani guntun ƙarfe da ba shi da kaifi. Mariya ake ce mata. Idanunta sun yi hazo, sai abu na kusa take gani. Ɗanta ya yi mata magana biyu. Ta ajiye gwazar, ta jawo Ige ƙasa, ta sa yatsu tana bin fuskarta layi-layi, ta gama wanga kunci ta koma wancan. Sannan ta yi magana, Fedro ya juya wa Iya, Iya ta juya mana. Cewa ta yi, ashe abin da ta hana shi a kan ɗaya ya je ya gama a kan ɗayar.

Ige ta durƙusa ta isar da saƙon ubanta. Tsohuwa ta ce ta ji, a ci abinci tukuna, amsa sai gobe. Tun daga lokacin ta kama hannun Ige ba ta saki ba. Da hannu ɗaya ta ci abinci.

To nan ne na yi abin da na yi. Washegari da safe na ga komi ya yi daɗi, na ce bari in sauke nawa nauyin. Na yafuto Fedro da Iya, munka zaga bayan ɗaki. Ban ma tuna ba a lokacin cewa bayan ɗaki ne anka yi na farkon. Na fiddo askar, na ce wa Iya ta gaya mashi ubansa ya ce a cika mashi shida, na koya wurin gwani, ba ya ɗaukar lokaci.

“Bagobiri, kanka ɗaya kuwa? Wallahi ba da bakina ba.”

Ba a buƙaci bakinta ba. Mutumin ya dubi askar, ya dubi inda idona ke kallo a fuskarsa, ya gane. Bai ɗaga murya ba. Sai ga tsohuwa ta zagayo riƙe da Ige. Idon da ba shi ganin mutum a taku biyar ya ga jar ƙotar nan. Ta tsaya. Ta saki hannun Ige kamar ta taɓa wuta, ta koma ɗaki ta ja ƙyaure.

Fedro ya yi magana a hankali, Iya ta juya. Ya ce yana yaro 'yan'uwansa na ce mashi wanda damisa ta fara ci ta fasa. Ya girma ya sauka birni, mutanen ubansa na nuna shi suna dariya. Ya yi shekaru kafin ya iya duba madubi ya yi aski. Yanzu yana da mata da ɗiya uku, sun san shi da fuskar nan, ba shi neman wata. Ya ce ran Asabar akwai masu gangarawa, mu bi su. Kafin nan mu kwana rumfar da ake ajiye itace.

A rumfar na fara kare kaina. Na ce wa Ige wasiyya ce, ba ni na ƙago ba, ubanta ya damƙa mani da hannunsa. Ta bar ni na gama.

“Shekara talatin da wani abu ina jiran hannun nan, Malam. Kwana ɗaya ka bar mani.”

Na ce to mamaci fa?

“Mamaci ya aike ka. Ga mai rai can bayan ƙyaure, je ka gaya mata.”

Ba ta ƙara yi mani magana ba. Kwana biyu ƙyauren nan na rufe, sai matar Fedro ke shiga da abinci. Ige na zaune nesa tana kallonsa, ba ta ci ba ta sha.

Ni ba malami ba ne, amma na zauna na yi tunani. Har yau ina nan a kan cewa wasiyya abu ne mai nauyi, kuma zanen Gobir ba abin kunya ba ne, da shi za a rufe ni. Sai dai Baba Bawa saƙo biyu ya bayar, ɗaya na cin ɗaya, shi bai lura ba don ciwo ya ci ƙarfinsa. Ba a roƙon gafarar abu da hannun dama, a riƙe abin da anka yi laifin da shi a hagu. Kuma na gafarar ya fara faɗi. Ban da haka, na dubi fuskar mutumin nan da kyau. Magidanci ne mai furfura a gemu. Ni a jikin duma na koya.

Rana ta uku da hantsi na tuɓe hulata, na je ƙofar ɗakin na zauna cikin taɓo. Na ajiye askar bisa dokin ƙofa, ƙotar na duban ciki. Ruwa ya sauko. Mutanen ƙauyen sunka taru suna kallon baƙo mai furfura zaune cikin ruwa ba hula. Iya ta yanko ganyen ayaba ta riƙe mani bisa kai, tana cewa duniya ta lalace, uwargijiya ke yi wa bawa laima. Nan na samo tarin nan. Har azahar ta gota ina wurin.

Sannan ƙyaure ya motsa. Tsohuwa ta sunkuya ta ɗauki askar, ta gwada kaifinta a babban yatsa. Ta tambaya ko duk shekarun nan yana ajiye da ita. Na ce ƙarƙashin tabarmarsa take. Ta tambaya ko ya ambaci sunanta da za shi mutu. Iya ta ƙifta mani ido in ce e. Na ce bai ambata ba, uwar Ige ya ce, mu can ba mu kiran sunan matan fari. Tsohuwa ta yi wani ɗan sauti a hanci, ta ce dama can bai taɓa iya faɗinsa daidai ba.

Ta zauna, ta jawo kwandon gwaza, ta fere ɗaya da askar. Ɓawon ya fita sumul. Ta fere ta biyu. Ta ce ƙarfen na da kyau, a bar mata. Sannan ta ɗaga murya ta kira Ige da wani suna da ban taɓa ji ba, Ige kuwa ta tashi ta zo da gudu kamar jiya anka daina kiranta da shi.

Asabar ta zo ta wuce ba mu gangara ba. Kwana goma sha biyu munka ƙara. Fedro bai zama abokina ba, amma ya nuna mani shanunsa, na nuna mashi yadda muke ɗaure maraƙi, ran ƙarshe ya ba ni takalman taya. Na dama masu kunu da sauran garin geron, yaransa sunka tofar, shi ya shanye nashi.

Ran tafiya Ige ta sake tambayar amsar saƙon. Tsohuwa ta ce na kuncin yaro ta yafe, don ya warke. Na ɗauke mata ɗiya kuwa, ta duba cikinta ba ta ga yafewar ba tukuna, kuma ba ta yi wa mamaci ƙarya. Ta shiga ɗaki ta fito da kan gwaza shida naɗe cikin ganyen ayaba. Ta ce a kai ƙasarsa a dasa. In abin dutsenta ya yarda ya tsiro a ƙasar da ya kai mata ɗiya, to ita ma ta yarda.

Na san ƙasarmu, na san ranarmu, amma na karɓa da hannu biyu. Dawowar ba ni ba da labarinta, wahalar zuwa ce aka juya. Abin da za ni faɗa kawai, tun daga Kalaba har Kaura ruwan shana rabi ni rabi gwaza. A Zariya munka rabu da Iya, ta ce ta 'yanta ni, amma in gwazar ta mutu za ta zo har Sabon Birni ta mai da ni. Biyu sun ruɓe a hanya, munka iso da huɗu.

Munka shigo gida ran Talata bayan la'asar, gida ya cika da 'yan barka da zuwa, ban iya tsayuwa ba. Washegari da na idar da sallar asuba ban jira kowa ba. Na ɗauki kwasa, wato fartanya, da tulu da ƙunshin ganyen ayaba, na gangara fadama, na zaɓi inda ƙasa ta fi baƙi kusa da rijiya, na haƙa rami huɗu.